Peter Falk, Mai Ido Ɗaya

A cikin masu wasan kwaikwayo akwai waɗanda ake ɗauka saboda kyan fuska. Akwai kuma waɗanda gwanintarsu ita ce su ari halin wani mutum, da tafiyarsa, da maganarsa, har mai kallo ya ɗauka haka Allah ya halicce su. Peter Falk yana cikin kashi na biyun nan.

An haife shi a birnin New York, a ƙasar Amurka, ran 16 ga Satumba, 1927. Yana da shekara uku wani mugun ciwo ya kama idonsa na dama. Likitoci suka ga in ba a cire idon ba yaron zai mutu, sai suka cire, aka sa masa na gilashi. Wannan bai karya masa zuciya ba. Ya yi karatu, ya yi wasan ƙwallo kamar sauran yara.

Da ya gama makaranta a 1945 ya so shiga soja, aka ƙi shi saboda idon. Sai ya shiga jirgin ruwa yana aikin kuku. Bayan ya komo ya ƙara ilmi a jami'a, ya sami aiki a ofishin gwamnati. Amma hankalinsa yana wajen wasan kwaikwayo. Yana kusan shekara 30 ya ajiye aikin, ya koma New York neman sa'a.

Wata rana wani babban mai kamfanin silima ya gwada shi, ya ƙi ɗaukarsa, wai da kuɗin da zai biya shi sai ya sami mai ido biyu. Falk ya haƙura, ya riƙa karɓar ƙananan wurare a wasanni, yana kyautata su, har sunansa ya fara fita.

A 1968 aka ba shi wasan talabijin na wani ɗan sandan ciki mai suna Columbo. Ga shi gajere, kai ba taza, mota tsohuwa, kullum yana sanye da wata yamutsattsiyar rigar ruwa. Rigar nan ma ta Falk ce, daga gida ya zo da ita. Attajiran da suka yi kisankai, in sun gan shi yana sosa kai, ido a karkace, sai su ɗauke shi wawa. Shi kuwa sai ya yi sallama kamar zai tafi, ya kai bakin ƙofa, sa'an nan ya juyo da wata 'yar tambaya. Tambayar nan ita ke tona asirinsu.

Ashe kamannin da aka raina shi dominsu, su suka ƙara wa wasan armashi. Aka yi ta nuna shi a ƙasashe da yawa, Falk ya ci babbar lambar talabijin ta Amurka, wato Emmy, har sau huɗu saboda shi. Bai bar rigar ruwan nan ba sai 2003.

Da tsufa ya zo, ciwon mantuwa ya kama shi. Ya mutu ran 23 ga Yuni, 2011, yana da shekara 83.

Labarinsa gargaɗi ne ga mai raina mutum don wani rauni na jikinsa. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.