Heinrich Barth, Bajamushen Da Aka Sani Da Abdulkarim

Sunan Heinrich tsohon suna ne na maza a ƙasar Jamus. Kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya gida, ɗaya mai mulki, watau dai Maigida. Sarakunan Jamus bakwai suka yi wannan suna, na farkonsu ya hau gadon sarauta cikin 919. Shi ne Ingilishi suka mayar Henry.

To, amma Heinrich ɗin da ƙasar Hausa ta sani bai zauna gida ba. An haifi Heinrich Barth a birnin Hamburg cikin 1821. Ya yi karatu a Jami'ar Berlin, ya koyi Larabci, sa'an nan gwamnatin Ingila ta ɗauke shi aikin binciken ƙasashe. Suka taso daga Tarabulus cikin 1850, su uku. Abokan tafiyarsa, Richardson da Overweg, duk a ƙasar Barno suka mutu, ya saura shi kaɗai.

Ya laƙa wa kansa sunan Abdulkarim. Da shi ya shiga Katsina, da shi ya iso Kano cikin Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman, ga zazzaɓi, ga bashi, aljihu wayam. Duk da haka bai kwanta ba. Ya zaga Kasuwar Kurmi da marina, ya ƙiyasta mutanen birni 30,000, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu. Ya koyi Hausa da Barbarci, yana tambayar fatake da malamai da bakinsa, ba tafinta. Wannan ne ya bambanta shi da yawancin Turawan da suka zo.

Cikin 1853 ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya wuce Gwandu, inda ya sami Tarikh al-Sudan ya kwafi abin da ya iya. A Tambutu an so kashe shi, Shehu Ahmad al-Bakkai ya tsaya masa, don baƙonsa ne.

Ya koma Turai cikin 1855 tare da samari biyu da aka 'yanta daga bauta, Dorugu da Abbega, ya wallafa littafin tafiyarsa juzu'i biyar. Masana tarihinmu har yau suna buɗa shi, amma a zamaninsa bai sami girman da ya sa rai ba. Ya mutu a Berlin cikin 1865 yana da shekara 44, bai taɓa aure ba. Dorugu kuwa ya dawo, a Kano ya rasu cikin 1912.