Dakta Carlos Finlay: Likitan Kyuba da ya gano sauron cutar shawara, da abin da matafiyi zai ɗauka daga rayuwarsa

Idan kuna shirin tafiya wata ƙasar tsibiri mai zafi, irin su Kyuba, Jamaika, Seychelles ko Maldives, ban da fasfo da biza akwai wata takarda da za a iya tsayar da ku a filin jirgi saboda ita. Ita ce katin nan mai ruwan ɗorawa da ke nuna an yi muku allurar rigakafin cutar shawara. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukarsa a matsayin wata wahalar ma'aikata, har akwai masu neman a ba su katin ba tare da an tsira musu allura ba. Kafin ku yanke hukunci a kansa, ku san mutumin da ya yi shekara kusan 20 ana yi masa dariya saboda ya ce sauro ne ke yaɗa wannan cuta.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Carlos Juan Finlay ranar 3 ga Disamba, 1833, a garin da ake kira Camagüey yanzu, a tsibirin Kyuba, lokacin yana ƙarƙashin mulkin Sipaniya. Mahaifinsa Edward likita ne ɗan asalin Sikotlan, mahaifiyarsa kuma jinin Faransawa ce daga tsibirin Trinidad. Yana ɗan shekara 11 aka tura shi karatu Faransa. Rashin lafiya ta katse masa karatun sau biyu. Ta farko ta bar shi da nauyin harshe har ƙarshen rayuwarsa, ta biyu kuwa zazzaɓin taifod ne da ya mayar da shi gida.

Daga baya ya shiga Kwalejin Likitanci ta Jefferson da ke Filadelfiya a Amurka, ya kammala a 1855. Ya koma Habana, babban birnin Kyuba, ya kama aikin likita, musamman ciwon ido. A 1865 ya auri Adela Shine, suka haifi 'ya'ya maza uku.

Ruwan sha da kwalara

Kafin maganar sauro, sai da ya fara karo da mutane a kan ruwa. Annobar kwalara ta faɗa wa Habana a 1867 da 1868. Finlay ya bi diddigin gidajen da ake amai da gudawa, ya lura suna da alaƙa da wata tsohuwar magudanar da ke kai wa birnin ruwan sha. Ya ce ruwan ne ya gurɓata, ya ba da shawarar a riƙa tafasa shi. Hukumomin wancan lokaci ba su saurare shi ba. Yau kowane likita ya san kwalara ta ruwa da abinci take shiga ciki.

Cutar da ke cin baƙi

Babbar fargabar Habana a zamaninsa ita ce cutar shawara. A nan ku lura, shawarar da muka saba faɗa idan idon mutum ya yi ɗorawa alama ce da cututtukan hanta iri-iri ke kawowa. Wadda ake magana a kanta a nan zazzaɓi ne da wata ƙwayar bairos ke haddasawa. Yana bayyana kwana 3 zuwa 6 bayan cizon sauro, da zafin jiki, ciwon kai, ciwon baya da amai. Yawancin mutane kan warke cikin kwana 3 ko 4. Amma wasu kaɗan, bayan sun ji kamar sun samu sauƙi, sai ciwon ya dawo musu da ƙarfi: ido da fata su yi ɗorawa, jini ya fito ta hanci da baki, amai ya yi baƙi, hanta da ƙoda su gaza. Kusan rabin waɗanda suka kai wannan mataki suna rasuwa cikin kwana 7 zuwa 10.

A Habana cutar na kashe ɗaruruwan mutane kowace shekara, kuma ta fi cin baƙi: sojojin Sipaniya, ma'aikatan jiragen ruwa, fatake da masu zuwa ci-rani. 'Yan gari da yawa sun riga sun yi ta tun suna yara, jikinsu ya samu kariya. Likitoci na ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska, ƙazantar tashar ruwa, da tufafi ko shimfiɗar marar lafiya. Shi kansa Finlay ya daɗe yana zargin iskar birnin kafin ya gane ya yi kuskure, ya sauya hanya.

Ranar da aka yi masa shiru

A watan Fabrairun 1881, a wani taron ƙasashe kan kiwon lafiya da aka yi a Washinton, Finlay ya bayyana cewa cutar ba ta yaɗuwa sai abu uku sun haɗu: marar lafiyar da ke ɗauke da ita, mai lafiyar da bai taɓa yin ta ba, da wani ɗan aike da zai kwaso ta daga wancan ya kai wa wannan. Ranar 14 ga Agusta na wannan shekara, a gaban majalisar masana kimiyya ta Habana, ya faɗi sunan ɗan aiken: sauro. Bai ce kowane sauro ba. Ya ware wani ƙaramin baƙi mai fararen zane a ƙafafu, wanda ke zama cikin gidaje, shi ne wanda ake kira Aedes aegypti a yau. Ya lura cewa duk inda zafi da damina suka yawaita wannan sauro, nan cutar ke tashi, inda sanyi ko tsawon tudu ya hana shi rayuwa kuwa cutar ba ta zuwa.

Masanan suka saurare shi suka watse, babu wanda ya tanka. Bayan haka aka riƙa yi masa ba'a, ana kiransa mutumin sauro. Likita ɗaya, Claudio Delgado, shi ne ya tsaya tare da shi. Daga 1881 zuwa 1900 sun yi gwaji sama da 100, suna sa sauron da ya ciji marar lafiya ya ciji wanda ya amince a gwada a jikinsa. Sakamakon bai fito sarai yadda zai gamsar da masu musu ba, kuma daga baya aka gano dalili. Sauro na kwasar cutar ne kawai a kwanakin farko na zazzaɓin, sannan sai ta yi kimanin kwana 12 a jikinsa kafin cizonsa ya zama mai haɗari. Finlay yakan yi gwajinsa tun wa'adin bai cika ba.

Yadda gaskiyarsa ta fito

Bayan yaƙin 1898, Amurka ta karɓe ikon Kyuba daga hannun Sipaniya, cutar kuwa ta kama sojojinta. A 1900 aka turo ayarin likitoci huɗu ƙarƙashin Walter Reed, tare da James Carroll, Jesse Lazear da Aristides Agramonte. Da binciken da suka zo da shi ya ci tura, sai suka je gidan Finlay, ya ba su rubuce-rubucensa da ƙwan sauron. Carroll ya bari sauro ya cije shi, ya kwanta ciwo mai tsanani, ya tashi. Lazear ya kamu, ya rasu a watan Satumba na wannan shekara.

Daga nan suka shirya gwajin da ya kashe bakin kowa. Wasu mutane suka kwana dare 20 a ɗakin da aka cika da zannuwa da tufafin da marasa lafiya suka ɓata da amai da jini, amma an hana sauro shiga. Ko ɗaya bai kamu ba. Wani kuma aka sa shi a ɗaki mai tsafta tsaf, aka sako masa sauro mai ɗauke da cutar, ya kamu.

A 1901 jami'in tsaftar Habana, William Gorgas, ya ɗauki shawarwarin da Finlay ya daɗe yana bayarwa. Aka killace marasa lafiya cikin ɗakuna masu raga, aka turara gidaje, aka rufe durorin ruwa, aka zubar da duk wani ruwan da ke kwance a kwano ko gwangwani. Kafin shekarar ta ƙare, cutar da ta yi fiye da ƙarni guda tana addabar birnin ta ɓace. Wannan dabara ce Gorgas ya kai Panama, har aka samu damar kammala mashigin ruwan da aka buɗe a 1914.

Shekarunsa na ƙarshe

Da Kyuba ta samu gwamnatinta a 1902, aka naɗa Finlay shugaban kiwon lafiya na ƙasa. Cutar shawara ta sake ɓulla a 1905, ya jagoranci murƙushe ta. Ya kuma juya kan mutuwar jarirai da cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi. Ya gano ƙwayar cutar na maƙale a zaren da unguwar zoma ke ɗaure cibiya da shi, sai ya sa aka riƙa raba tsaftataccen kayan yankan cibiya kyauta, mace-macen suka ragu sosai. An gabatar da sunansa sau bakwai don kyautar Nobel, bai samu ba. Ya rasu a Habana a watan Agustan 1915, yana da shekara 81. Ranar haihuwarsa ce Kyuba da wasu ƙasashen Latin Amurka suka mayar ranar likitoci.

Allurar rigakafin ta zo ne bayan rasuwarsa. An samo ƙwayar da aka yi ta da ita daga jinin wani mutumin Gana a 1927, Max Theiler ya raunana ta ya fitar da allurar a 1937, aka ba shi kyautar Nobel a 1951. Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar idan ta shiga jiki, sai dai jinya.

Abin da ya kamata ku tanada kafin tafiya

Ku tuna abu ukun nan na Finlay. Kyuba da tsibirai da yawa sun rabu da cutar shawara, amma sauron na nan, kuma mutanensu ba su da kariya. Abin da ya rage shi ne wani ya sauka da ƙwayar a jininsa. Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan duk suna cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cewa akwai haɗarin cutar, shi ya sa ake tambayarmu kati. Wanda ya sayi kati ba allura ya yaudari kansa, ya kuma jefa masu masaukinsa cikin haɗari.

Ku je a yi muku allurar a cibiyar da hukuma ta amince da ita, aƙalla kwana 10 kafin ranar tashi, domin sai bayan kwana 10 katin ke fara aiki. Allura ɗaya ta isa har tsawon rayuwa, kuma tun watan Yulin 2016 katin ba ya ƙarewa. Ana yi wa yaro daga wata 9. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba, ko wanda cin ƙwai ke tayar masa da borin jini mai tsanani, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai. Mai ciki, mai shayarwa da wanda ya haura shekara 60 su fara ganin likita.

Allurar ba ta kare ku daga zazzaɓin dengi, zika da chikungunya, waɗanda wannan sauron ne ke yaɗa su. A 1981 dengi ya kama mutum sama da 344,000 a Kyuba, ya kashe 158, yawancinsu yara. Wannan sauron da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma gab da magariba, don haka gidan sauron dare kaɗai bai wadatar ba. Ku tafi da man shafawa mai korar sauro wanda ke da sinadarin DEET ko picaridin, da tufafi marasa nauyi masu rufe hannu da ƙafa. In za ku shafa man kare fata daga rana, shi za ku fara shafawa, na sauro ya biyo baya. Ku sa wa mai barcin rana gidan sauro, ku kuma duba ko akwai ruwa kwance a tukunyar fure ko bokiti a masaukinku. Mai ciki ta nemi shawarar likita kafin ta je inda ake fama da zika, domin yana iya lahanta ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Darasin kwalara ma yana nan. Ku sha ruwan kwalba mai hatimi ko tafasasshe, ku guji ƙanƙarar da ba ku san ruwanta ba, ku ci abinci da zafinsa. Ku sa 'yan fakitin ruwan gishiri da sukari a jaka. Ku tambayi likita ko kuna bukatar allurar taifod, ta ciwon hanta nau'in A, da ƙarin ta tetanus.

Mai hawan jini, ciwon sukari, asma ko sikila ya ɗebi maganin da zai ishe shi har ya yi saura, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Kada ku dogara da samun irinsa a can. Kyuba na bukatar kowane baƙo ya zo da inshorar lafiya, don haka ku tabbata taku tana aiki a ƙasar. Ku kuma san damina a can daga Mayu zuwa Oktoba take, lokacin da sauro ya fi yawa, guguwar teku kuma tsakanin Yuni da Nuwamba.

In zazzaɓi ya kama ku a can, ko cikin mako biyu da dawowa, ku sha farasitamol kawai ku garzaya asibiti. Kada ku sha asfirin ko ibufurofen, domin in dengi ne suna ƙara zubar jini. Ku faɗa wa likita daga ina kuka zo da inda kuka je. Kyuba ta rabu da maleriya tun 1973, saboda haka likitan can ba lallai ya fara zargin ta ba sai kun gaya masa daga Afirka ta Yamma kuka taso. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga dasashi ko hanci, ko ido ya yi ɗorawa, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Idan kuka dawo lafiya, ku leƙa randa, duro da tsofaffin tayoyin da ke tsakar gidanku. Sauron da Finlay ya nuna wa duniya yana hayayyafa a cikinsu, rufe su da zubar da ruwan da ya kwanta sau ɗaya a mako yana katse masa zuriya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.