Jean Bart, ɗan fashin tekun da ya kai wa Faransa hatsi a shekarar yunwa

A Turai ta ƙarni na 17, abin da ya raba ɗan fashin teku da jarumin ƙasa bai wuce takarda ɗaya ba. Wanda ya tare jirgin fatake don aljihunsa, ranar da dubunsa ta cika rataya ce makomarsa. Wanda kuwa ke riƙe da izinin sarki na farautar jiragen abokan gaba, in ya faɗa hannu fursunan yaƙi ne, in ya dawo da ganima kotu ta halatta ta, a ba kowa kasonsa. Da irin wannan takarda Jean Bart ya yi suna.

An haife shi ranar 21 ga Oktoba, 1650 a Dunkirk, garin matuƙa da masunta a gaɓar Tekun Arewa. Garin ya taɓa zama a hannun Sipaniya, daga baya Ingila ta karɓe shi, sai a 1662 Sarki Louis na 14 ya saye shi ya zama na Faransa. Tun yana saurayi Bart ya shiga rundunar ruwa ta Holan, ya koyi yaƙi a ƙarƙashin babban kwamandansu De Ruyter. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Holan a 1672, sai ya koma gida ya juya wa malamansa baki da ilimin da suka ba shi. Ɗan talaka ne, kuma a zamanin muƙaman rundunar sarki kusan gadon 'ya'yan sarauta ne, don haka ya fara da ƙananan jiragen 'yan kasuwa masu izinin farauta. Yawan jiragen da ya kama ya tilasta wa fada ta san da shi, aka ba shi muƙamin laftanar a 1679.

A 1689 Turawan Ingila suka kama shi tare da abokin aikinsa Forbin, suka tsare su a Plymouth. Ba su daɗe ba suka sulale, suka sami ɗan kwalekwale, suka yi ta tuƙi har suka tsallaka zuwa gaɓar Faransa. Labari ne mai daɗin ji, amma ba shi ya sa ƙasarsa ke tunawa da shi ba.

Damina ta ƙi a 1693, yaƙi kuma ya cinye baitulmali. Yunwa da cututtukan da ke bin ta suka kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a Faransa. Gwamnati ta sayi hatsi daga ƙasashen arewacin Turai, aka loda a jirage kimanin ɗari, aka tura Bart ya rako su. Ayarin bai jira shi ba, ya taso, ya faɗa hannun mayaƙan Holan. Ranar 29 ga Yuni, 1694, kusa da tsibirin Texel, Bart ya cim musu. Jiragensu sun fi nasa yawa da manyan bindigogi, saboda haka bai tsaya musayar wuta daga nesa ba. Ya manna jiragensa da nasu, mutanensa suka haura aka yi gaba da gaba. Ya ƙwace jiragen yaƙi 3, kwamandan Holan Hidde de Vries ya sami raunin da ya zama ajalinsa, hatsin kuma ya isa Faransa, farashi ya faɗi. A shekarar sarki ya shigar da shi sahun masu sarauta. (Iyalan fataken Holan da Ingila da ya talauta, ba shakka, da wani suna dabam suke kiran sa.)

A 1696 ya sake yi wa ayarin Holan ɓarna a Dogger Bank, a 1697 aka naɗa shi shugaban rukunin jiragen yaƙi. Mutumin da harsashi ya yi ta kuskure shekaru 30 bai mutu a kan ruwa ba. Yana shirin fita sabon yaƙi ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu a Dunkirk ranar 27 ga Afrilu, 1702, yana da shekara 51. An binne shi a majami'ar Saint-Éloi, kuma tun 1845 mutum-mutuminsa ke tsaye a dandalin garin, takobi a zare.