Malam Abdullahi na Gwandu: Shugaban Makaranta Kafin Zuwan Jami'a

Gabatarwa

Idan aka ambaci Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, abin da yake fara zuwa a zukatan mutane shi ne yaƙin Tabkin Kwatto da sarautar Gwandu. To amma mafi yawan shekarunsa a kan buzu ya yi su, tsakanin almajirai da littattafai. Wannan maƙala za ta dubi rayuwarsa ta wannan fuska, watau a matsayinsa na shugaban makaranta wanda ya tsara abin da za a karantar, ya wallafa littattafan da za a karanta, ya kuma tsare martabar ilmi daga ruɗin mulki. Waɗannan abubuwa uku su ne har gobe suke ci wa shugabannin jami'o'i tuwo a ƙwarya.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766, watau yayansa Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya yi karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun Shehu, inda ya karanci Ishiriniya da Wituriya da waƙoƙin Larabawan jahiliyya, da littattafan tauhidi na Sanusi, da nahawu irin su Ajuruma da Mulha, da fiƙihu irin su Ahalari da Ishmawi da Risala. Ya kuma saurari tafsiri a wurinsa tun daga Fatiha har Nasi, ba sau ɗaya ba. Daga nan ya ci gaba da neman ilmi a wurin 'yan'uwan iyayensa da sauran malaman ƙasa. Ya ɗauki Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya kuma karanci usulul fiƙihi a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya ba shi ijaza.

Dalilin da ya sa aka san wannan duka filla-filla shi ne, shi da kansa ya rubuta shi a cikin littafinsa Ida'un Nusukhi a 1812. A ciki ya jera malamansa ɗaya bayan ɗaya, tare da littafin da ya ɗauka a wurin kowannensu. Wannan ɗan littafi ya zama tamkar manhajar karatun zamanin, kuma shaidar asalin makarantarsa. Duk almajirin da ya zauna gabansa ya san daga inda ilmin ya gangaro, da kuma hannuwan da ya bi kafin ya iso gare shi.

Wa'azi da Jihadi

Malam Abdullahi ya bi Shehu yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, ya kuma zauna tare da shi a Ɗegel. A wannan lokaci ne wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu a kan barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya umarci ƙanensa ya mayar da amsa, shi kuwa ya amsa cikin waƙa, yana mai kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci ya fi halartarsu muni, muddin an kiyaye haddin shari'a. Ke nan tun farko an yanke shawara a kan ko wa za a buɗe wa ƙofar makaranta.

Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, Malam Abdullahi ya zama wazirin Shehu. Shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto a wannan shekara, shi ne kuma ya ci Birnin Kabi a 1805, abin da ya ba jama'a damar zama a Gwandu. Amma nasara ta zo da nata ciwo. Malamai da mahaddata da yawa sun ƙare a fagen fama, musamman a Tsuntsuwa da Alwasa, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa ya ga hankalin da yawansu ya koma ga sarauta da dawaki da tufafin ƙawa. Wannan ya dame shi ƙwarai, har wajen 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina.

Da ya iso Kano a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da tafsirin Alƙur'ani, sa'an nan ya fasa tafiyar ya koma gida. Abin lura a nan shi ne, da ya ga ɓarna, maganin da ya kawo mata shi ne littafi da darasi.

Tsarin Koyarwa da Wallafa

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Malam Abdullahi, wanda a lokacin yake zaune a Boɗinga. Duk da wannan nauyi alƙalaminsa bai bushe ba. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci tare da labarin dalilan yin su a cikin Tazyinul Waraƙati, littafin da ya zama ɗaya daga cikin manyan madogaran tarihin jihadi.

Wanda duk ya dubi jerin littattafansa zai ga ba da ka aka yi su ba. Akwai tsari na hawa-hawa, watau babban littafi domin manyan ɗalibai, ƙarami domin masu tasowa. A fannin tafsiri ya gama Liya'ut Tawili wajen 1816, inda ya tattaro ra'ayoyin manyan masu tafsiri da saɓanin ƙira'o'i da na mazhabobi. Da ya ga littafin ya fi ƙarfin ɗalibai da yawa, sai ya taƙaita shi wajen 1822 a cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya tsaya a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya, waɗanda su ne mutanen ƙasar nan suka saba da su. Haka ya yi a ilmin Alƙur'ani, inda ya rubuta Miftahut Tafsiri, ya kuma tace shi a cikin Sulalatul Miftahi. A nahawu ya tsara Bahrul Muhidi mai baiti fiye da 4,000, a sarfu kuma Hisnur Rasini mai kimanin baiti 1,000. Ya zaɓi waƙa ne domin takarda tana da tsada, hadda kuwa ita ce taskar almajiri.

Zamansa a Gwandu da Rasuwarsa

Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a a Sakkwato, Malam Abdullahi kuwa ya koma Gwandu. An sami 'yar tsamin dangantaka tsakaninsu har zuwa yaƙin Kalambaina, wajen 1821, inda Bello ya kawo masa gudummawa, suka sasanta, ya yi masa mubaya'a. Daga nan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Buhari yawancin harkokin mulki, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a shekarar 1245 ta Hijira, daidai da 1829, aka rufe shi a Gwandu, inda hubbarensa yake har yau. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya shuka bai mutu da mutuwarsa ba. A 1853, zamanin ɗansa Sarkin Gwandu Halilu, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sami kwafin Tarihus Sudan a Gwandu, littafin da ya buɗe wa Turawa tarihin daular Sangai. A 1961 aka buga Liya'ut Tawili a Alƙahira, a 1963 kuma Mervyn Hiskett ya fitar da fassarar Tazyinul Waraƙati cikin Turanci a Ibadan.

Kammalawa

Yanzu jami'o'i sun kewaye ƙasar da Malam Abdullahi ya karantar. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka kuma sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta raɗa wa babban ɗakin karatunta sunansa. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda Jihar Kebbi ta kafa a 2006, daga baya ita ma an mayar da ita ga sunansa. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da mazauninta a kan hanyar Kalgo. Yaron Cheberu ko Dalijan ko Kambaza ba sai ya yi doguwar tafiya ba kafin ya isa jami'a.

To sai dai ɗaukar suna ya fi ɗaukar hali sauƙi. Jami'ar da take son ta gaji Malam Abdullahi sai ta san tushen ilmin da take bayarwa, malamanta su rubuta littattafai daidai da ƙarfin ɗalibansu da harshen da suke fahimta, shugabanninta kuma su riƙi kujera a matsayin hidima ga aji da ɗakin karatu. Da yawa daga cikin littattafansa suna nan a rubuce da hannu, ba a tace su ba, ba a kuma mayar da su Hausa ba. Wannan aiki yana jiran sassan Hausa da Larabci da Tarihi, kuma da shi ne ya kamata a auna duk wani tsarin bincike da jami'o'in wannan yanki za su zana wa kansu.