Alexander Calder, maƙerin Amurka wanda ya sa ƙarfe rawa

A ran 22 ga watan Yuli na shekarar 1898 aka haifi Alexander Calder a Lawnton, cikin jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka. Gidansu gidan sana'a ne. Kakansa, wanda ya fito daga Sikotlan, shi ne ya yi babban mutum-mutumin William Penn da ke bisa ƙololuwar ma'aikatar magajin garin Filadelfiya. Ubansa ma masassaƙi ne, uwarsa kuwa mai zane. Duk da haka yaron bai fara da sana'ar gado ba, sai ya yi karatun injiniya, ya sami takardar shaida a 1919. Ya taɓa ayyuka iri-iri, har da aikin wuta a jirgin ruwa, kafin ya shiga makarantar zane a birnin New York a 1923.

A 1926 ya tafi Paris. Can ne ya riƙa lanƙwasa waya yana fitar da 'yan mutane da dawaki da zakoki, ya haɗa su da tsumma da katako, yana yi wa baƙinsa wasa da su. Wannan wasa ya sa manyan masu zane suka san shi. A 1930 ya ziyarci ɗakin aikin Piet Mondrian, ya ga launuka jere a bango, sai ya yi sha'awar ganin suna motsi. Daga nan ya fara yanka fallayen ƙarfe, yana shafa musu ja da baƙi da fari, yana rataya su ga waya bisa ma'auni, kowane falle na riƙe da nauyin ɗan'uwansa, ta yadda iska kaɗan ta isa ta juya su. Marcel Duchamp ya raɗa musu suna mobile a 1931, wato masu motsi. Waɗanda ke kafe a ƙasa kuwa Jean Arp ya kira su stabile. Karatun injiniya da aka zaci ya tafi a banza shi ne ya ba shi sanin inda nauyi ke daidaita.

Ya auri Louisa James a 1931, suka sayi gidan gona a Roxbury a 1933. A 1952 ya ci babbar kyautar baje kolin Venis, a 1953 kuma ya yi gida a ƙauyen Saché na Faransa. Tun daga lokacin manyan birane suka yi ta neman aikinsa: hedikwatar UNESCO a Paris a 1958, Montreal a 1967, Meziko a 1968, Shikago a 1974. Ya rasu a New York ran 11 ga Nuwamba 1976, yana da shekara 78.

Bayan rasuwarsa ne kuɗin aikinsa ya yi tashin da ba a zata ba. A 1982 gidan tarihi na Whitney ya nemi taimakon jama'a, aka tara dalar Amurka miliyan ɗaya da dubu 250 domin 'yan wasan nan na waya su zauna a New York. A watan Mayu na 2012 gidan gwanjon Christie's ya sayar da Lily of Force, aikin 1945, a kan dalar Amurka miliyan 18 da rabi. A watan Mayu na 2014 kuma aka sayar da Poisson volant, wato kifi mai tashi, aikin 1957, a kan dalar Amurka miliyan 25.9, abin da ya zarce miliyar 12 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci. Ƙarfe da waya da fentin da ke jikinsa ba su taka kara sun karya ba. Hannun da ya yi aikin ake saye.

To, ta yaya masana ke yanke wa irin wannan kaya kuɗi? Kamar yadda dillali a kasuwar Dogarawa ko ta Birnin Ƙonni yake duban haƙoran sa, ya tambayi garken da ya fito, haka su ma suke yi. Suna duban shekarar da aka yi aikin, da girmansa, da yawan fallayensa, da yadda yake juyawa. Suna duban ko fentin na asali ne, ko an sake waya, domin gyara na rage daraja. Zanen da ya yi a takarda, da awarwaro da 'yan kunnen da ya ƙera, ba su kai kuɗin manyan masu motsi ba. Abin da ya fi duka nauyi shi ne asali: wa ya saya daga hannun Calder, hannun wa ya shiga bayan nan, a wane baje koli aka nuna shi.

Labarin wani aiki mai suna Rio Nero, na 1959, ya nuna haka. A 1990 wasu 'yan kasuwa suka saye shi dalar Amurka dubu 500. Da suka rataya shi bai daidaita yadda suke so ba, sai suka nuna wa Klaus Perls, wanda ya daɗe yana dillancin kayan Calder, shi kuwa ya ce jabu ne. Suka kai ƙara suna neman kuɗinsu. A 1993 alƙali ya yanke cewa ba su tabbatar da jabu ne ba, suka faɗi shari'ar. Amma masu saye suka bi maganar Perls, suka ƙi taya kayan. Ga shi kotu ta wanke shi, kasuwa kuwa ta juya masa baya, rabin miliyan ya zama ƙarfen ajiya.

Saboda irin wannan ruɗani aikin gidauniyar Calder, wadda iyalinsa suka kafa a 1987 bisa jagorancin jikansa Alexander Rower, ya zama abin dogaro. Ta tattara bayanin ayyuka fiye da dubu 22, tana duba wanda aka kawo mata, ta ba shi lamba a cikin kundinta. Manyan gidajen gwanjo sukan buga wannan lamba a takardar tallar kayan, wanda ba shi da ita kuwa da wuya ya sami mai saye.

A nan akwai abin lura ga maƙera da dukawa da masaƙa na ƙasar Hausa, waɗanda kayansu ke fita waje ba suna, ba shekara, ba shaida. Calder ya yi aiki da almakashi da guduma da awartaki, kayan da ba baƙi ba ne a maƙerar kowane gari. Abin da ya kiyaye darajar aikinsa bayan ya kwanta dama shi ne an rubuta wanda ya yi, da lokacin da ya yi, da hannuwan da kayan suka bi.