John Allen: Mai ɗaukar hoton da ya gina duwatsu a ƙarƙashin gidansa

An haifi John Whitby Allen a ranar 2 ga Yuli, 1913, a garin Joplin na jihar Missouri a Amurka. Ya taso maraya, ya koyi sana'ar ɗaukar hoto, sannan ya zauna a Monterey da ke Kalifoniya. A can ya yi suna da abin da wasu ke ɗauka wasan yara ne, wato gina ƙaramin layin dogo na kwaikwayo, inda jirage ke tafiya da wutar lantarki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya gina layinsa na farko, mai suna Gorre & Daphetid, a kan teburin da tsawonsa bai wuce kimanin mita 2 ba. Ya yi amfani da ma'aunin HO, wanda ke rage girman kowane abu sau 87.

Babbar matsalar wannan aiki ita ce hawa. Kafin wani layi ya ƙetare ta saman wani, sai an ɗaga shi kimanin santimita 7.5. Idan hawan kashi 2 cikin 100 ne, wato ɗagawar santimita 2 a kowace mita, ana buƙatar kusan mita 4 kafin a kai wannan tsayi. Wanda ya gajarta hanya ya tsananta hawan, sai ƙafafun kan jirgi su riƙa zamewa, ya kasa jan taragai. Kwana kuma tana ƙara nauyin ja, kuma dole hawa ya fara a hankali ya ƙare a hankali, in ba haka ba mahaɗin taragai ya kwance. Saboda haka lissafi ke riga gini.

A 1953 Allen ya koma wani gida da ke gefen tudu, ya haƙe ƙarƙashinsa, ya fara layinsa na uku, ya kuma saka ɗan layin farko a cikinsa. Duwatsun da ya ƙera sun tashi daga daɓe har rufi, jirage na zagayawa suna hawa hawa-hawa, suna ƙetare kwazazzabai a kan dogayen gadoji. Ya kafa madubai don wuri ya yi kamar ya fi faɗi, ya kuma shafa wa gine-gine da taragai alamun tsatsa da tsufa. Hotunan da ya ɗauka da kansa suka bazu a mujallar Model Railroader.

Kusan shekara 20 ya yi yana aikin, bai kammala babban layin ba. Ya rasu a ranar 6 ga Janairu, 1973, sakamakon bugun zuciya. Bayan kwana 10 gobara ta tashi a gidan, ta lalata layin. Hotunansa sun tsira, kuma da su aka wallafa littafin da Linn Westcott ya rubuta a kansa a 1981.