Michael Faraday: Ɗan maƙerin da zobensa ke kare majiyyata daga wutar lantarki

Duk majiyyacin da aka manna wa wayoyin na'urar auna bugun zuciya a ƙirji, a asibitin Kalgo ne ko a Landan, to wuta mai ƙarfin bolt 230 ce ke shiga na'urar daga jikin bango. Dabarar da ke hana wannan wuta kaiwa ga jikinsa ta samo asali ne daga wani zoben ƙarfe da wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, ya naɗe da waya a shekarar 1831.

An haifi Faraday ne ranar 22 ga watan Satumban 1791 a Newington Butts da ke gefen birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne mai fama da rashin lafiya, don haka yaron bai samu wani karatu ba illa na yaƙi da jahilci. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai wurin wani mai suna George Riebau, inda ya shafe shekaru bakwai yana karanta abin da aka kawo masa ɗinki. A nan ne ya ci karo da bayanin wutar lantarki a cikin kundin Encyclopaedia Britannica.

A 1812 wani mai hulɗa da shagon ya ba shi tikitin sauraron laccocin masanin sinadarai Humphry Davy a cibiyar Royal Institution. Faraday ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi mai shafi kusan 300, ya aika wa Davy tare da neman aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje.

Zaman nasu dai bai yi daɗi ba ko da yaushe. A rangadin da suka yi a Turai daga 1813 zuwa 1815, matar Davy ta ɗauke shi tamkar bara, har takan sa ya ci abinci tare da masu hidima. Bayan da ya nuna a 1821 cewa wutar lantarki na iya juya waya kewaye da maganaɗisu, wanda shi ne mafarin injin lantarki, sai Davy ya yi adawa da shigar da shi ƙungiyar masana ta Royal Society. Duk da haka an zaɓe shi a 1824.

Zoben 1831

A ranar 29 ga Agustan 1831, shekaru kaɗan bayan rasuwar Malam Abdullahin Gwandu, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na mulki a Sakkwato, Faraday ya ɗauki zoben ƙarfe mai faɗin inci shida. Ya naɗa wayar jan ƙarfe a ɓari guda, ya naɗa wata daban a ɗaya ɓarin. Da yake a wancan zamani babu waya mai rigar roba, sai ya riƙa sanya zare da ƙyallen auduga tsakanin kowane naɗi don kada wayoyin su taɓa juna ko su taɓa ƙarfen.

Ya jona naɗin farko da batir, na biyu kuma da wata allura mai nuna motsin wuta. Allurar ta zabura a lokacin da ya jona, ta koma ta kwanta, ta sake zabura da ya cire. Wato sauyin ƙarfin maganaɗisu a cikin zoben ne ke haifar da wuta a naɗi na biyu, alhali babu wata waya da ta haɗa su. Wannan shi ne tushen taransifoma, ko da yake sai a shekarun 1880 ne wasu injiniyoyi suka ƙera wadda ake amfani da ita a garuruwa.

Akasari ana tuna zoben ne saboda wutar da ya tsallakar. Amma ga likitoci, ƙyallen nan da ya raba wayoyin bai gaza muhimmanci ba.

Dalili kuwa shi ne, busasshiyar fata ce ke rage wa mutum kaifin wuta. A asibiti ana kawar da wannan kariya: a shafa wa majiyyaci ruwan da ke sauƙaƙa wucewar wuta, ko a zura masa siririyar waya ta jijiya har cikin zuciya. A irin wannan hali, wutar da mai lafiya ba zai ma ji ta a yatsa ba tana iya rikita bugun zuciya. Ga shi kuma wanda aka yi wa allurar barci ba shi da ikon fizge jikinsa.

Shi ya sa ƙa'idar IEC 60601, wadda hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya da ke Janiba ta fara fitarwa a 1977, ta tsaurara. Ga sassan da ke taɓa zuciya, wutar da aka yarda ta yoyo zuwa ga majiyyaci idan na'ura na aiki lafiya ba ta wuce kashi ɗaya cikin 100,000 na amfiya guda ba. Kazalika ana son shingen kariya biyu, ta yadda in ɗaya ya lalace ɗayan zai riƙe. Inda ake son cikakkiyar kariya daga wutar bango, ana gwada shingen da bolt 4,000, a kuma bar tazarar milimita 8 a kan allon wayoyi. A tsakiyar wannan shinge akwai 'yar ƙaramar taransifoma, naɗi biyu da ba sa taɓa juna.

Ɗakin da wuta ba ta shiga

Faraday bai tsaya nan ba. A 1836 ya gina wani ɗaki mai ƙafa 12 ta kowace fuska, ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya sa aka ɗura masa wuta har tartsatsi na tashi a waje, shi kuwa yana zaune a ciki babu abin da ya same shi. Da irin wannan dabara ake lulluɓe ɗakunan hoton MRI da jan ƙarfe don tare igiyoyin rediyo. A 1848 kuma ya jawo hankalin masana ga wani ƙaro mai suna gutta-percha, wanda wuta ba ta ratsa shi, da shi ne aka yi wa wayoyin tangarahu na ƙarƙashin teku riga.

Lissafinsa dai bai yi zurfi ba, sai daga baya James Clerk Maxwell ya zuba tunaninsa cikin ƙa'idojin lissafi.

Mutum ne mai gudun girma. Ya ƙi karɓar lambar Sir, sau biyu yana ƙin shugabancin Royal Society, ya kuma ƙi taimaka wa gwamnatin Birtaniya haɗa iska mai guba a yaƙin Kirimiya. Tun daga 1839 mantuwa ta fara damunsa. A 1858 Sarauniya Victoria ta ba shi gida a Hampton Court, inda ya zauna da matarsa Sarah Barnard, wadda ya aura a 1821 ba su kuma haihu ba.

A can ya mutu ranar 25 ga Agustan 1867 yana da shekara 75, aka binne shi a maƙabartar Highgate. Zoben nasa na nan ajiye a Royal Institution, da ƙyallensa a jiki.